Kawu Ya Koma Ya Gyara Abin da Ya Koyar

Ranar sadakar uku, tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gidan Kawu a Kuje ba su isa ba, sai da aka aro bencuna daga cocin da ke bayan layi. Ni ina ciki wajen mata, amma ina yawan fitowa da ruwa da kunu, don haka na ji abin da ake faɗa ciki da waje.

Direban motar hayar da ya yi shekaru yana ɗauko shi da safe zuwa Utako ya zauna a gefen benci, ya kasa cewa komai in ban da, “Kujerar gaba tasa ce.” Matar da ke sayar da abinci a ƙasan benen da shagonsa yake, 'yar Binuwai, ta durƙusa gaban matar Kawu tana share ido da bakin zani. Ta ce, “Mama, Baba bai taɓa cin abincina a cikin shago ba. Kullum zai sauko ƙasa, ya ce miya da kwamfuta ba su zama ɗaki ɗaya. Da farko na ɗauka raini ne.” Wani tsohon abokin aikinsa na ma'aikata, da ya zo da sanda, ya shafa addu'a sannan ya ce, “Allah ya ji ƙansa, amma fa akwai taurin kai.” Ba wanda ya musa. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, har ta ɗan murmusa, karo na farko tun da aka fita da shi.

Mahaifiyata, wato ƙanwarsa, ita ta ce in rubuta wannan. Ta ce, “Mu a gida muka san shi. Ke kika zauna da shi a shago. Kar jikokinsa su taso su ji an ce mai gyaran kwamfuta ne, shi ke nan a wuce.”

Kawu ya zo Abuja tun ana sassabe ana kafa ma'aikatu, aikinsa gyaran tafireta. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, yawancin tsararrakinsa suka ja da baya suna jiran fansho. Shi kuwa ya samo wata matacciyar kwamfuta, ya kwance ta a kan teburin falo. Inna ta ce wata uku ba a ci abinci a kan teburin nan ba. Da ya yi ritaya sai ya kama shago a bene na biyu kusa da kasuwar Utako. Bai taɓa yarda ya tashi daga Kuje ba. Bayan sallar asuba zai kama hanya, cunkoso ko ba cunkoso, takwas tana yi masa a bakin shago.

Ni bautar ƙasa ce ta kawo ni wurinsa, da takardar karatun kwamfuta a jaka. Na gama ban samu aiki ba, ya ce in zo shago kafin wani abu ya fito. Na yi aure, na haifi biyu, ina nan. Shekara goma sha ɗaya muka yi tebur yana fuskantar tebur.

A satina na farko wani mutum ya kawo laftof, na miƙa hannu zan karɓa, ya janye. Ya ce a kira masa namiji. Kawu bai ɗago daga abin da yake yi ba, ya ce, “Ita ce injiniyar shagon nan. Ni tafireta na karanta. In ba ka so, akwai shago a ƙasa.” Mutumin ya ajiye laftof ɗin a gabana. Kawu bai taɓa tayar da zancen ba bayan nan.

Da kunne yake fara duba kwamfuta. Zai kunna ta, ya kwantar da kunnensa a jiki, ya lumshe ido. A lokacin ma'ajin kwamfuta faifai ne mai juyawa, da wata 'yar allura da ke bin sa tana karatu. Daga ƙarar kaɗai zai ce maka wannan lafiyarta ƙalau, ko ya ce kwashe kayanka yau, ba za ta kai ƙarshen wata ba. Kuma da wuya ya kuskure.

Abin da ya fi ƙauna a duk aikin shi ne difrag. Yakan yi wa kwastoma bayani a tsanake: in ka ajiye abu, kwamfuta takan yayyanka shi ta cusa duk inda ta ga fili, wani guntu nan wani can. In ka nema, sai allura ta yi ta yawo tana tattarowa, shi ya sa kwamfutar take nauyi. Difrag shi ne a tattara guntayen a jera su wuri ɗaya. Yana da wata tsohuwar manhaja ta yin wannan aiki a cikin filashi da ya ɗaure a jikin makullansa. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sa masa ita, ya kuma ba shi doka: kowace Juma'a. Musulmi ya kunna kafin ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar an gama. Kirista ya kunna ya tafi cin abincin rana. Shi kansa yakan zauna yana kallon ƙananan akwatuna masu launi suna jeruwa a allo, fuskarsa a sake kamar mai kallon gonarsa bayan noma.

Sai sabon ma'aji ya fara shigowa kasuwa, wanda ake kira SSD. Ranar da na fara sa shi a wata kwamfuta, Kawu ya kai kunne, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, “Wannan bebe ne.” Sunan da ya ci gaba da kiransa ke nan. Amma ya ga saurinsa, bai ƙi shi ba. Har shi da kansa ya riƙa ba mutane shawara su canza. Rigimarmu ta taso ne ranar da na ga ya zaro makullansa zai sa wa beben manhajarsa.

Na ce, “Kawu, wannan ba a yi masa difrag.”

Ya ce, “In ji wa?”

“Ba shi da allura, ba ya juyawa. Ko ina abu yake a cikinsa, lokaci ɗaya yake ɗaukowa. Kuma kowane gurbi nasa yana da iyakar sau nawa za a rubuta a kai. Difrag kwashewa ne da sake rubutawa, yana cin kwanansa ne kawai.”

“To me ake yi masa? A bar shi haka kara zube?”

“Tirim ake yi masa. Kwamfuta ta sanar da shi guraben da aka goge abin da ke ciki, ya share su tun da wuri. In sabon abu ya zo sai ya tarar da fili, ba sai ya tsaya jira ba.”

“A ina zan ga yana yi?”

“Ba a gani, Kawu.”

“Aikin da ba a gani, ba a ji, shi kika yarda da shi.”

Akwai kwastoma a zaune yana sauraronmu. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, “Kawu, zamanin nan ya wuce ka.” Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya koma kan aikinsa. Mako biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Sai da Inna ta kira ni ta ce, “Me kika yi wa kawunki? Tuwo ma sai ya bar rabi.” Washegari na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, “Maganar na yafe. Difrag kuwa ina nan a kai.”

Haka shago ya rabu biyu. Kwamfutar da ta biyo ta hannuna, in tabbatar tirim yana aiki. Wadda ta biyo ta hannunsa, ya sa mata tsohuwar manhajarsa, wadda ba ta bambance faifai da bebe, ya kuma kashe tsarin gyaran da kwamfutar ta zo da shi, don a cewarsa bai yarda da abin da ke aiki a bayan idonsa ba. Mun fi shekara biyu a haka.

Cikin kwastomominsa akwai wani malamin firamare, ɗan Gbagyi daga wani ƙauye a bayan Sheda. Shekara biyar yana bin tsofaffin garinsu yana naɗar muryarsu: waƙoƙin noman doya, sunayen itatuwa da ganyayen magani, labarin unguwannin da aka tayar da aka zo gina birni. Duk a laftof ɗaya. Kawu ne ya canza masa faifai zuwa SSD shekara biyu kafin nan. Wata Litinin malamin ya shigo riƙe da laftof ɗin a ƙirji, ya ce ta ƙi tashi.

Kwana uku Kawu yana kai. A da, ko faifai ya fara mutuwa, yakan lallaɓa shi har ya kwaso abin da ke ciki. Wannan kuwa ba ƙara, ba motsi, kwamfuta ma ba ta ganin sa. Muka kai wa wani mai na'urori a cikin gari, ya dawo mana da shi yana girgiza kai. Abin da ya cece mu, Kawu ba ya yar da tsohon faifai. Ya buɗe durowa ya zaro na malamin, da sunansa a jiki. Aikin shekara uku na farko yana nan. Na shekara biyun ƙarshe ya tafi, kuma biyu daga cikin tsofaffin da aka naɗa a lokacin sun riga sun rasu. Ɗaya kakar malamin ce.

Malamin bai ɗaga murya ba. Ya zauna ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi, ya ce, “Baba, na yi yadda ka ce. Juma'a ɗaya bai wuce ni ba.”

Da ya tafi, na matsa kusa da Kawu. Na gaya masa gaskiyar abin da na sani. Na ce ba zan iya rantsuwa difrag ne ya kashe shi ba. Ma'ajin mai araha ne, an cika shi maƙil, ga ɗauke wuta kullum a ƙauye. Mai yiwuwa ko ba difrag ma da ya mutu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ko kashi ɗaya cikin goma ne nawa, ai nawa ne. Jawo kujera ki koya min.”

Ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kullum da safe kafin kwastoma su fara zuwa, in yi bayani, ya rubuta da manyan baƙaƙe. Ba ya barin tambaya. Yadda ake duba ko tirim a kunne yake. Dalilin da ya sa ake barin fili kaɗan kada a cika ma'ajin. Inda ake duba lafiyarsa tunda kunne ba ya aiki. Wata rana ya tsaya da biro a hannu ya ce, “To in mutum ya goge abu bisa kuskure fa?”

Na ce, “In tirim ya riga ya bi ta kai, yawanci ya tafi ke nan.”

Wannan ta taɓa shi, don dawo da abin da aka goge yana cikin abin da ya yi suna a kai. Ya ce to a riƙa kashe tirim ɗin mana. Na ce in aka kashe, a hankali ma'ajin zai yi nauyi, kuma duk da haka ba tabbas. Ya kwana da maganar. Da safe ya shigo tun bai zauna ba ya ce, “Ba za a kashe ba. A bar shi ya yi aikinsa. Amma daga yau ba wanda zai fita daga shagon nan bai da kwafi na biyu a wani wuri.” Ya kwance filashin daga makullansa, ya goge manhajar da hannunsa.

Na ɗauka an gama. Sai na ga ya sauko da kwalin katunan karɓar aiki, yana ware su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya sa wa SSD ya kuma ba shi dokar Juma'a, ya rubuta sunansa da unguwarsa a takarda. Mutum arba'in da uku.

Na ce, “Kawu, bari in tura musu saƙo ta waya, yau ɗin nan a gama.”

Ya ce, “Ido da ido na koya musu. Saƙo ba zai cire shi ba. Kuma ko sun daina, wa zai kunna musu abin da na kashe?”

Ya haura saba'in a lokacin, ga gwiwa da ke damunsa. Inna ta yi faɗa, mahaifiyata ta yi waya daga gida ta yi nata. Bai fasa ba. Talata da Alhamis ya bar min shago ya shiga motar haya. Wani lokaci in bi shi. Duk inda ya je, magana ɗaya ce, ba ya ƙawata ta: “Na koya maka abu ba daidai ba. Na zo in gyara.” Sai ya zauna ya cire manhajar, ya kunna tirim, ya nuna wa mutum yadda ake kwafi.

Ba kowa ya karɓe shi da daɗi ba. Wani babban ma'aikaci ya yi dariya ya ce, “Oga, saboda wannan ka hau bene huɗu?” Kawu yana haki ya ce, “Saboda shi.” Wani mai shagon buga takardu a Gwagwalada kuwa ya tara masa mutane, ya ce ashe shekara biyu ana lalata masa kaya. Ina tsaye ina so in rama. Kawu ya ɗaga min hannu. Ya bari mutumin ya gama tsaf, sannan ya ce, “Ka yi gaskiya. Yanzu ba ni kujera.” Ya yi aikin, muka fito. A mota, da muka kusa gida, ya ce in soke sunan.

Asabar kuma ta malamin ce. Kawu ya ce tunda akwai tsofaffin da ke raye, a koma a sake naɗa. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Gbagyi, amma shi ke riƙe na'urar naɗar murya, malamin yana tambaya. Na raka su sau ɗaya. Muka tarar da wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro. Ta dubi Kawu ta tambayi malamin da Hausarta, “Wannan Bahaushe me ta zo yi?” Kafin malamin ya amsa, Kawu ya ce, “Mama, waƙar da kika yi wa yaron nan bara, a hannuna ta ɓace. Na zo roƙo ki sake.” Ta harare shi, ta ce ita ba rediyo ba ce. Sai da ta gama ɓarar gyaɗarta, ta wanke hannu, sannan ta gyara zama ta fara. Kawu ya tallafe na'urar da hannu biyu har ta kai ƙarshe. Kafin mu bar ƙauyen ya sa malamin ya kwafe muryar wuri biyu a gabansa. Na kakar malamin ba abin da zai dawo da shi, kuma Kawu bai taɓa yin kamar ya manta da hakan ba.

Ciwon ya kama shi tsakiyar damina. Kwana goma ya yi a asibiti. Ana gobe zai rasu, da hantsi, ya ce Inna ta miƙo masa rigarsa, ya zaro takardar daga aljihu. Ta yi laushi don ninki. Saura suna shida ba a soke ba. Ya sa min a hannu ya ce, “Kar ki aika. Ki je.” Na ce to. Washegari da safe Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na fara. Uku na farko ba su ba ni wahala ba. Ta huɗu wata dattijuwa ce 'yar Filato, tsohuwar mai buga tafireta a ma'aikatar da Kawu ya yi aiki, yanzu tana da ɗan shagon buga takardu a nan Kuje. Ta zo gaisuwa, ta san ni. Amma da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta dafe kwamfutarta da hannu biyu.

Ta ce, “'Yata, abeg, don Allah. Oga da bakinsa ya koya min. Shekara talatin bai taɓa gaya min ƙarya ba. Yanzu ya tafi, ki zo ki ce in bari?”

Na yi mata bayanin allura da gurbi da tirim, duk yadda na iya. Ta saurara cikin ladabi, hannunta bai motsa ba. Da na ga haka sai na buɗe jaka na miƙa mata takardar. Ta sa tabarau. Ta bi sunayen da yatsa, layi bayan layi, kusan duk a soke, har ta iso nata a ƙasa da rubutun da ta sani tun suna ofis.

Ta ce, “Duk waɗannan ya je da ƙafarsa?”

Na ce, “Da ƙafarsa, Mama. Ke ya bari cikin na ƙarshe don kina kusa da gida.”

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta janye hannu daga kan kwamfutar, ta tashi ta ba ni kujerarta. Ta tsaya a bayana har na gama, tana tambaya, ina amsawa, ta sa na maimaita mata yadda ake kwafi sau biyu. Da zan tafi ta karɓi birona ta soke sunanta da kanta.

Saura mutum biyu. Ɗaya ya tashi daga inda yake, an ce ya koma wajen Kwali, ba wanda ya san layin. Na gaya wa maigidana Alhamis zai kai yara makaranta, ni zan shiga mota in nemo shi.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya haskaka makwancinsa. Ya ba Inna haƙuri, mu kuma ya ba mu ƙarfin ƙarasa abin da ya bar mana.